Rigar sanyi ga karen farauta: wacce ta dace da mai bin agwagin ruwa a hunturu?

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena mafarauta. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya shige mini duhu. Shekara huɗu ke nan ina bin yayana farautar tsuntsayen ruwa a lokacin hunturu, galibi a gefen madatsar ruwa ta Ajiwa, wani lokaci kuma mukan tafi har Daberam idan labari ya iso mana cewa kirinjijiya da dinya sun sauka da yawa. Mukan isa bakin ruwa da asuba, mu yi salla a can, sannan mu laɓe a cikin ciyawa kafin gari ya waye sosai.

Karena, wanda nake kira Barsu, irin namu ne na gida, siriri mai gajeren gashi, kuma da na ɗora shi a sikelin mai sayar da hatsi ya ba ni kilo 18. Shi ne yake shiga ruwa ya ɗauko abin da aka harbo, kuma ban taɓa ganin ya ja da baya ba sai bara a watan Janairu. Ranar iska tana kaɗawa da ƙarfi. Bayan ya shiga sau uku ya fito, sai ya kama makyarkyata, ya dunƙule a gindin wata bishiya, na yi kira har na gaji bai tashi ba. Washegari na tarar wutsiyarsa ta saki, tana rataye kamar igiya, kuma idan na taɓa gindinta sai ya yi ƙara. Yayana ya ce lalaci ne ya fara kama shi, amma ni zuciyata ba ta yarda da hakan ba.

Yanzu wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Kanada ya ce zai aiko mini da irin falmaran ɗin roba da maharban can suke sa wa karnukansu, sai dai ya yi mini tambayoyin da ban san amsarsu ba. Ya ce akwai mai kaurin milimita 3 da mai milimita 5, akwai wanda aka ƙara wa soso don ya riƙa taso da kare saman ruwa, akwai mai launin ciyawa da mai ruwan lemo, sannan yana son in aika masa da awon kare. Shin wannan riga tana da amfani a sanyinmu na nan, ko kuwa asarar kuɗin yaro za a yi? Idan tana da amfani, wacce zan ce ya saya? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maharbi, Daura:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ne yake rubuta mini, ni kuwa ina faɗa masa. Da farko ka gaya wa yayanka cewa ba lalaci ba ne. Karen da ya saba shiga ruwa da son ransa ba ya wayar gari ɗaya ya ƙi, sai idan jikinsa ne ya hana shi, kuma abin da ka kwatanta na sha ganinsa a cikin shekaru fiye da arba'in da na yi ina bin fadamun ƙasar Daura.

Ban taɓa sa wa kare riga ba, saboda haka ba zan kushe abin da ban gwada ba. Amma akwai abin da nake tsoro, kuma ina da dalili. Ruwanmu ba na maharba ba ne su kaɗai, masunta sun riga mu zuwa, kuma a ƙarƙashin ruwan da kake gani shiru akwai raga da aka kafa tun daren jiya, akwai layin ƙugiyoyi, akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye lokacin da aka datse shi. Na taɓa rasa wata karya da ba ni da kamarta a wani tafki da ke arewa da garinmu, ba don komai ba sai don guntuwar igiyar da na manta ban kwance daga wuyanta ba. Igiyar ta sarƙe da tsohuwar raga, kafin mu samu gora mu isa wurin aikin gama ya gama. Tun daga ranar karena ba ya shiga ruwa da komai a jikinsa, ko da zare ne. To, idan guntuwar igiya ta yi wannan, ina ga riga sukutum mai maɗaurai da hannun ɗauka?

Abin da muka gada shi ne buhun algarara busasshe guda biyu. Da zarar kare ya fito, a bar shi ya girgije, sannan a goge shi da ɗaya, a murza sosai ta inda gashin ya kwanta da kuma akasinsa, musamman ƙirji da ciki da hammata. Ɗayan kuma a shimfiɗa masa a bayan zana ko bayan wani tudu inda iska ba ta bugu, don kada ya kwanta a kan ƙasa mai laima. A ciyar da shi da kyau tun daren jiya, domin karen da ya kwana da yunwa shi sanyi yake fara kayarwa. Kuma kada a tura shi kowane harbi. Idan tsuntsu ya faɗa can tsakiya, a roƙi mai kwalekwale ya ɗauko, a ba shi rabonsa.

Inda zan yarda riga tana da rana shi ne ƙirji. Na ɗinke ƙirjin karnuka da hannuna ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, saboda tsinin kututture da karan ciyawar da aka sare.

Bakatsine a Minesota:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganarku ta raga da ƙugiya gaskiya ce, kuma zan dawo kanta. Ɗan'uwa mai tambaya, ni haifaffen Katsina ne amma aiki ya kawo ni jihar Minesota ta Amurka, wadda ake yi wa kirari da ƙasar tafkuna 10,000, kuma ina fita farautar agwagi da abokan aikina. Bari in bayyana maka abin da rigar take da kuma wanda aka ɗinka ta dominsa, don a nan ne amsar tambayarka take.

Ana yin ta ne da wata roba da ake kira niyofirin, wadda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930, kuma ita ce dai ake ɗinka wa masu ninƙaya a ƙarƙashin teku kaya da ita. A cikin robar akwai ƙananan kumfa na iska da aka kulle, su ne suke hana zafin jiki fita, su ne kuma suke sa ta ɗan taso a ruwa. Ba ta hana ruwa taɓa kare. Ruwa kaɗan yana shiga tsakanin fata da riga, jiki ya ɗumama shi, ya zauna a nan. Wannan ne ya sa girman rigar ya fi kaurinta muhimmanci nesa ba kusa ba, domin idan ta yi masa yawa, duk lokacin da ya buga ƙafa sabon ruwan sanyi zai kwararo ta wuya ya fice ta ciki, ya tafi da ɗumin da aka tara, sannan idan ya fito ya zauna da jiƙaƙƙen abu yana reto a jikinsa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma riga mai yawa gara babu ita.

A nan ƙarshen kakar farauta, wajen watan Nuwamba, gefen tafki yakan daskare, har kare ya riƙa fasa siririyar ƙanƙara da ƙirjinsa kafin ya isa ga tsuntsu. Mai milimita 5 don wannan yanayi aka yi ta. Ruwan Ajiwa kuwa ko a tsakiyar hunturu bai taɓa kusantar daskarewa ba, saboda haka ka ce wa ɗan'uwanka ya bar ta a kanti, ya sayo mai milimita 3.

Matsalar da za ka fuskanta ita ce ta fasali. Yawancin waɗannan riguna an yanka su ne a kan jikin Labrador, karen da asalinsa ya fito daga tsibirin Niyufanlan na Kanada aka kuma inganta shi a Birtaniya, wanda namijinsa yakan kai kilo 29 zuwa 36, mai kaurin wuya, mai gangar jiki kusan bai ɗaya daga ƙirji har ƙugu. Barsu rabin wannan nauyin gare shi, kuma karnukanmu ƙirjinsu zurfi gare shi amma cikinsu a ɗame yake. Rigar da ta kama ƙirjinsa za ta iya barin rami a ciki. Don haka ka ari tef ɗin awo a wurin tela, ka tsayar da kare a kan ƙafafunsa huɗu, ka auna kewayen wuya daga gindinsa inda ya haɗu da kafaɗa, ka auna kewayen ƙirji a inda ya fi faɗi, wato bayan ƙafafun gaba kaɗan, sannan ka auna ƙugu a bayan haƙarƙarin ƙarshe. Kada ka dogara da rubutun ƙarami ko matsakaici, domin kowane kamfani da nasa jadawalin. A nan da inci ake lissafi, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne, sai ka faɗa masa a fili da wanne ka auna. Ka ce ya nemi wadda take da zif a baya da kuma faffaɗan Velcro, wato maɗaurin nan mai mannewa da kansa, da ke rufe zif ɗin, domin irin wannan ana iya matse ta ko a sassauta.

Idan ta iso, ya kamata yatsunka biyu a kwance su shiga tsakaninta da fata da ɗan ƙyar. Ramin ƙafafun gaba kusan kullum sai an ƙara buɗa shi da almakashi, kuma robar ba ta zarewa idan an yanke ta, amma ka riƙa rage kaɗan kaɗan kana gwadawa, kada kuma ka yanke kan ɗinki.

Game da tsoron Baba, akwai riguna masu zoben ƙarfe da madauki a gadon baya don a ciccibo kare a sa a jirgi. Tunda kai daga gaɓa kake harbi, ba ka bukatarsu, kuma su ne abin da ƙugiya za ta fara kamawa. A zaɓi mai sumul, idan kuma ta zo da madauki a yanke shi. Zancen launi kuwa, agwagi suna ganin launi sarai, shi ya sa ake yin mai kama da busasshiyar ciyawa ga karen da zai zauna a maɓoya. Mai ruwan lemo ta masu farautar tudu ce, don kada maharbi ya ɗauki karensa a matsayin nama.

Likitar Dabbobi, Katsina:

Sallama ga kowa, da gaisuwa ta musamman ga Baba na Daura. Malam mai tambaya, zan fara da wutsiyar, tunda ba a yi bayaninta ba. Abin da ka gani sananne ne a wurin karnukan da ke aiki a ruwan sanyi: naman gindin wutsiya ne yake wahala ya kumbura, saboda kare da wutsiya yake sarrafa kansa a ruwa kamar yadda mai jirgi yake yi da filafili. Yawanci yakan warware da kansa cikin 'yan kwanaki zuwa mako guda idan an bar kare ya huta a wuri mai ɗumi. Rigar ba ta rufe wutsiya, don haka kada ka sa ran za ta hana wannan gaba ɗaya. Abin da ya fi hanawa shi ne a riƙa saba wa kare da ninƙaya a hankali kafin kakar farauta ta kama, ba a ɗauko shi daga watanni na zaman gida a jefa shi aiki mai nauyi rana ɗaya ba. Ina kuma roƙo da babbar murya kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, domin yana ƙona masa ciki ya lalata ƙoda.

Mutane sukan yi mamakin yadda kare zai galabaita da sanyi a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Salshiyas, kuma ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Amma a wurinmu babban abin ba cikin ruwan yake faruwa ba, bayan fitowa ne. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, kuma duk wanda ya taɓa shan ruwan tulu a wannan lokaci ya san yadda take sanyaya jiƙaƙƙen abu. Karen da ya fito a jiƙe ya zauna shiru a maɓoya da asubar da awo ya sauko wajen digiri 12 ko 13, tulu ne aka ajiye a iska. Labrador yana da gashi hawa biyu mai maiƙo da kitse a ƙarƙashin fata, namu kuwa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Saboda haka, duk da sanyinmu bai kai nasu ba, karenmu ya fi nasu tsiraici a gabansa, kuma ina ganin siririyar rigar tana da amfani na gaske a sa'o'i biyun farko na safiya.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne sa'o'in da ke biye. A watan Janairun nan da ake rawar ɗari da asuba, da rana ta ɗaga awo yakan doshi digiri 30. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Idan aka bar masa roba a jiki aka kamo hanyar gida da hantsi yana gudu, ko aka juya zuwa farautar zomo a tudu, zafin jikinsa zai iya haura digiri 41, kuma wannan yana kashewa da sauri fiye da sanyin da ake gudu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: lokacin da kai ka ji kana son tuɓe rigar sanyinka, tasa ta riga ta wuce lokacin tuɓewa.

Ka san alamomin ɓangarorin biyu. Makyarkyatar da ba ta tsayawa bayan an goge shi, tafiya kamar mai maye, dasashi ya yi fari, ko kuma ya daina makyarkyatar alhali ya yi laushi, duk sanyi ne ya yi nisa, sai a daina farauta a naɗe shi da busasshen abu a ɗumama shi a hankali, ba a kanga shi kusa da wuta ba. Haki mai tsanani da harshe a waje ya yi ja wur, da dalala mai kauri, zafi ne, sai a cire rigar nan take a kai shi inuwa a zuba masa ruwa.

Bayan kowace fita ka duba hammatarsa, domin nan riga take gurzawa, kuma yashi ko ƙarangiya ɗaya da ta shige ƙarƙashi ta isa ta buɗe ciwo. Ka duba kaska ma, don tana son wuri mai ɗumi da laima. A wanke rigar da ruwa mai tsabta a shanya ta a inuwa, saboda rana tana busar da robar ta tsattsage. Buhunan algarara na Baba kuwa kada a bar su a gida don an samu riga.

Baduku, Daura:

Ni ba maharbi ba ne, amma mafarauta suna kawo mini aiki. Idan rigar ta iso ta yi yawa a ciki kamar yadda mutumin Amurka ya faɗa, ba abin jefarwa ba ce. Ana iya cire tsinin yanki daga kowane gefe, a haɗa bakin da gam ɗin da muke liƙa takalmi, sannan a bi da zaren nailan da hannu, ɗinki mai faɗi, domin ɗinki matsattse yana yaga irin wannan roba. A ƙirji kuma ana iya ɗora ƙyallen tamfol mai laushi daga waje saboda kututturen da Baba ya ambata. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a yi ta da fata ko da soson katifa. Fata idan ta jiƙe ta bushe sai ta ƙandare ta yanki hammata, soson katifa kuwa shan ruwa yake yi ya yi nauyi, ya ja kare ƙasa. Kuma ku sani Velcro da ƙarangiya masoya ne, sai an riƙa tsefe shi da tsohon buroshi, in ba haka ba cikin mako biyu zai daina kamawa.

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna Barsu jiya da yamma: wuya santimita 36, ƙirji 61, ƙugu 45, kuma na aika da su tare da bayanin cewa a sayo mai milimita 3, launin ciyawa, marar zobe da madauki. Tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu ta nuna mini lallai sai na biya ta wurin baduku. Abu ɗaya ya rage da ba a taɓo sosai ba, wato sosan da ake ƙarawa a gefe don taso da kare. Shin in ce a haɗo da shi ko a bari? Baba, ina son jin ta bakinku a kan wannan, tunda ku kuka san ruwan Daberam.

Tsohon Maharbi, Daura:

Ɗana, idan sosan a cikin rigar yake ɗinke, bai fito waje ya yi tudun da zai kama abu ba, ban ga laifinsa ba, don karen da ya ɗauko dinya daga nesa yakan gaji kafin ya iso gaɓa, kuma dinya ba ƙaramin kaya ba ce a bakin kare mai kilo 18. Amma kada ka kai shi Daberam da ita ranar farko. Ka sa masa a gida kwana uku ko huɗu ya yi yawo da ita a tsakar gida har ya daina tsayawa kamar an dasa shi, sannan ka gwada shi da rana a ruwan da bai wuce gwiwarka ba, kana tsaye kusa. Ranar da za ku fita kuma, ka fara zuwa wurin masuntan da ke kwana a bakin ruwa ka gaishe su, ka tambaye su inda suka kafa raga da ƙugiya, ka zaɓi maɓoyarka nesa da wurin. Ka kuma riƙe wuƙa mai kaifi a ƙugunka, ba a cikin jaka ba.